Tsamiyar Kangire

Ni Musbahu, duk tashar Birnin Kudu ba direban da ke riga ni shiga Gwaram. Fasinja na shiga Golf ɗina yake fara salati.

Matsalata ɗaya, Hidaya. Babanta ya ce maganar aurenmu tana hannun kakarta, Inna Hapsatu, wadda cutar yana ta rufe wa ido, dishi-dishi take gani. Rannan aka ce in kai ta asibiti daga Gwaram. Na wanke mota, na fesa turare, na taka wuta don in burge tsohuwa.

A hanyar komawa ta tambaye ni me na gani a hanya. Na ce ramuka da shingen 'yan sanda. Ta ce tsamiyar nan ta wajen Kangire fa, inda mata ke sayar da fura da nono? Na ce tana nan, amaryata, ta yi 'ya'ya jingim.

"Ɗan nema, maƙaryaci. Shekara uku da iska ta kayar da ita. Sau huɗu kake wucewa kullum."

Na fara kame-kame, ta katse ni.

"Mijin da bai ga tsamiya ta faɗi ba, ran da jikata ta rame ma ba zai gani ba."

Ta ba ni mako guda in koyi kallon hanya, zuwa ranar da likita ya ce ta dawo.

Wallahi makon nan na sha zagi, don a hankali na koma tuƙi. Alhaji Maikano, fasinjana na kullum, ya tambaya ko mai ne ya ƙare, wata ta ce da jaki ta hau da tuni ta isa. Ni kuwa ido na baza. Ashe gonakin riɗi fure suke yi fari tas. Ashe balbela na hawa bayan shanu a fadama kamar ta biya kuɗin mota. Duwatsun garinmu ma, da na girma a gindinsu, da safe ja suke yi, wani kan wani kamar da hannu aka jera.

Ranar asibiti na zayyana mata duk abin da na gani. Ta taɓe baki, wai wannan ko makaho ya sani. Da muka zo Kangire na taka birki.

"Inna, kututturen tsamiyarki ya yi toho. Reshe uku."

Ta ce ƙarya. Na riƙo hannunta muka sauka, na ɗora shi kan ganyen. Ta daɗe tana shafawa, har ta tsinki ɗaya ta tauna, ta yatsine fuska don tsami. A nan ta ce nan wajen kakan Hidaya ya fara saya mata nono.

"Ka ce wa manyanka su kawo goro."

Duk 'ya'yanta da jikokinta suna bin hanyar nan, ba wanda ya gano tohon sai ni. Yanzu a tasha Kunkuru suke kirana. Ina amsawa, har a gilashin baya na rubuta.