Kwalayen da Na Kulle a Kabad

Ni ba na cikin malaman nan masu shiga aji da hamma, su buɗe littafi duk inda ya buɗe, su ce yara su kwafa. Wannan kam ko wanda ba ya ƙaunata zai ba ni shaida. Shekarar da aka ba ni lissafin aji huɗu, tun kafin a dawo hutu a shiga zango na uku na baje manhaja a tsakar ɗaki, na tsara sati goma sha biyu daki-daki: abin da manhaja ta ce yaro ya iya, abin da zan faɗa, da abin da yara za su yi da hannunsu. Sati na uku zuwa na biyar na rabi da kwata ne, wato lissafin kaza bisa kaza, wanda ke kayar da yara duk shekara.

Don shi na yi kwalayen. Na bi shagunan layinmu na roƙo kwalin banza, na kifa murfin tukunya na zana da'ira, na yanke. Saiti goma sha biyu na yi, kowane benci ɗaya. Cikakkiyar da'ira fara, rabi-rabi ja, kwata-kwata shuɗi, sulusi kore, ɗaya bisa takwas rawaya. Na manna takarda mai launi, na bi bakin kowanne da salatif. Kwana goma sha ɗaya ina abu ɗaya, har almakashi ya yi mini kanta a babban yatsa. Maigidana in ya zo wucewa sai ya tsokane ni, "Malama, in kin gama ki yanka mana kwatar falon mu samu wurin zama."

Ranar da aka koma na kai wa hedimasta ya gani. Ya ɗaga ɗaya yana jujjuyawa.

"Tabɗi! Malama, wannan ai ya wuce wasan yara. Masu duba makarantu suna tafe sati na huɗu. Ki adana su, ranar ki fito da su fes. Kin dai san hannun yaranmu."

Na daɗe ina ɗora masa laifi, amma gaskiya abin da ke raina ya faɗa. A makarantarmu haka ake yi. Taswirar duniya tana ofis a naɗe, ma'aunin ruwa yana cikin ledarsa tun da aka kawo shi. Kaya mai kyau na ranar baƙi ne. Na jera kwalayena a kabad ɗin bayan aji, na danna kwaɗo, na ɗaura makullin a jikin na ɗakina.

A bencin da ke jingine da kabad ɗin nan Doguwa take zama. Haka yara ke kiranta, don ta kere wa kowa tsawo, kuma dalili a fili yake: maimaita aji huɗu take yi. Dokar makarantarmu ba a maimaita aji sau biyu. Wanda ya sake faɗuwa sai ya ba wani benci. A sauran darussa tana lallaɓawa, lissafi ne ya riƙe mata wuya. Maki arba'in kawai take nema ta wuce, ta sani, na sani.

Kuma yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, wannan shi ke ƙona mini rai. Uwarta tela ce. Ba wa yarinyar takarda ka ce ta raba wa mutum huɗu, kafin ka rufe baki ta ninke ta yage, babu wanda nasa ya fi na wani. Amma rubuta mata ɗaya bisa huɗu da ɗaya bisa takwas a allo ka ce wanne ya fi girma, sai ta ce na takwas.

"Don me?"

"Ai takwas ta fi huɗu, Malama."

Sati na uku ya zo, na fara darasin da alli. Ina zana da'ira a allo, tana fitowa a karkace, ina tsaga ta ina bayani har muryata ta dushe. Sau ɗaya na buɗe kabad na ɗauko ja guda da shuɗi biyu, na ɗaga sama daga gaban aji kamar mai talla, na mayar na kulle. A tsarin darasina kuwa, wanda mataimakin hedimasta ke sa wa hannu da jan biro duk Litinin, a rubuce yake ɓaro-ɓaro: yara za su ɗora kwata biyu a kan rabi su gani da idonsu. Ya sa hannu, har da "da kyau".

Wata rana da aka tashi hutun tara Doguwa ba ta fita ba. Ta zo ta tsaya a gefen teburina tana murza bakin rigarta.

"Malama, don Allah ki ba ni masu kalar nan in riƙe. In na taɓa abu na fi ganewa."

Na kalli hannunta, duk tawadar biro.

"Da wannan hannun? Ke dai bari baƙi su zo su tafi, kowa zai taɓa har ya gaji."

"To, Malama."

Sati na huɗu baƙi ba su zo ba, aka ce sai na bakwai. Ta sake tambaya, na ce ta yi haƙuri. Da ta tambaya karo na uku ina fama da rajista, zafi ya ishe ni, na daka mata tsawa.

"Ke wai kwali ne zai rubuta miki jarrabawa? Je ki haddace abin da ke allo!"

Ba ta ƙara tambaya ba. Sati na shida tsari ya ce in wuce zuwa awon tsawo da nauyi, na wuce, don ni ba a taɓa kama ni a bayan tsari ba, kuma da wannan nake taƙama a ofishin malamai. Sati na bakwai aka ce baƙin sai an sanar. Sati na goma sha ɗaya aka yi jarrabawa. Malamin aji biyar ne ya yi makin ajina, ni na yi na ajinsa, kamar yadda muka saba. Ranar Juma'a aka haɗa sakamako aka aika ofishin ilimi.

Sai ga baƙi ranar Litinin, ana saura kwana huɗu hutu. Hedimasta ya shigo ajina yana haki.

"Malama, fito da kayan nan, maza!"

Wadda ta shigo ajina wata dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta ƙi kujerar da na ba ta, ta je bencin baya ta zauna kusa da Doguwa. Na raba saiti goma sha biyu, benci-benci, ina jin kaina a sama. Sai me? Yara arba'in da takwas suka naɗe hannu suna kallon kwalaye. Babu wanda ya taɓa. Na ce su ɗauka mana, suka ɗauka da bakin yatsa suna satar kallona.

Dattijuwar ta ɗauki ɗaya ta duba gaba da baya.

"Sababbi ne, Malama?"

"Tun farkon zango na yi su, ranki ya daɗe."

"Ikon Allah. To yaranki akwai tsabta."

Kunya ta rufe ni, amma ba ita ce ta fi yi mini ciwo ba. Ina cikin kame-kame sai na ji "Au!" daga baya. Doguwa ce. Ta ɗora rawaya a kan shuɗi, ta ga bai rufe ba, ta ƙara wani rawayan ya rufe ruf.

"Malama! Ashe na takwas ɗin ne ƙarami! In masu rabo sun yi yawa, na kowa sai ya ƙanƙance!"

Ta ma manta da baƙuwa. Ta jawo ja ta ɗora shuɗi biyu. Dattijuwar ta ce mata rabi da kwata in an haɗa nawa ke nan, ta jera ta ce uku bisa huɗu. Ta ce a cire ɗaya bisa takwas, ta musanya shuɗi da rawaya biyu, ta zare ɗaya, ta ƙirga, ta ce biyar bisa takwas. Duk wannan bai kai minti goma ba. Sannan ta ɗago ta dube ni, fuskarta cike da murna.

"Malama, dama wannan ne kawai?"

Ni kuwa na riga na ga sakamakonta. Talatin da biyar ta ci. Sashen rabi da kwata maki ashirin ne, ta samu biyu.

Baƙi na fita na bi hedimasta ofis.

"Ranka ya daɗe, a sake gwada yarinyar nan. Yanzun nan, a gabanka. Wallahi ta iya."

"Haba Malama, sakamakon da ya tafi tun Juma'a? In na buɗe wa ɗaya, iyaye goma za su cika mini ofis. Ga 'yan aji uku hamsin suna jiran benci."

Na yi magiya, na yi faɗa, har na ce masa shi ya ce in kulle. Ya cire tabarau ya ce shi adanawa ya ce, bai ce kada a koyar ba. Na fito ina huci, amma na san bai yi ƙarya ba.

Ranar hutu uwar ta zo karɓar sakamako, da zare a maƙale a gefen mayafinta, alamar daga kan keke ta taso. Ba ta iya karatu sosai ba, ni na karanta mata, har layin ƙarshe da ya ce a nema wa yarinya wata makaranta. Ni da ita mun san babu wata kusa, mai nisan kuma ba ta ɗaukar wanda aka sallama. Na gyara tsayuwa ina jiran ta zage ni. Wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi.

Sai ta kama hannuna da hannu biyu.

"Malama, mun gode, Allah ya saka. An ce har kayan koyarwa kika yi musu da hannunki. Kin yi iyakar yinki, ita ce kanta ba ya ja. Shekara biyu ana abu ɗaya! Ki yafe mana wahalar da ta ba ki." Ta juya wurin 'yarta. "Ke, ba za ki ba Malama haƙuri ba?"

Doguwa tana tsaye a bakin ƙofa. Ta san abin da ya faru, ta san na sani. Kalma ɗaya za ta faɗa ta tona ni, ko ni in buɗe baki in ce, Mama, ba kanta ba ne, ni ce. Har na buɗe baki zan faɗa. Sai na hango malamai biyu a baranda suna jin mu.

Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Ki yi haƙuri, Malama."

Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ce, "Ba komai, Allah ya yi miki albarka."

Uwar ta ninke takardar ta saka a jaka, suka fita ta ƙaramar ƙofa.