Allon Kwamfuta a Kan Ragar Banda

Kaset ɗin bidiyo guda ɗaya ne ya rage a duniya mai ɗauke da fuskar mahaifin Mansura. An ɗauke shi a wata gasar tseren kwale-kwale a Yauri, tun tana goye, kafin ruwa ya ci mutumin. Danshin bakin tafki kuwa ba ya raga wa kowa. Fumfuna ta kama zaren kaset ɗin, ya yi fari-fari, ya yi laushi kamar rama ta sha dahuwa. Sana'ar Mansura ke nan a tungarsu da ke kusa da Wara, juye tsofaffin kaset na biki da suna zuwa waya, don haka ta san abin da take gani. Sau ɗaya zaren nan zai ƙara bi ta cikin na'ura. In ba a kwashe hoton a lokacin ba, ya tafi ke nan.

Tsohuwar kwamfutarta ba abin amincewa ba ce. Tana cikin ɗauka sai ta sandare, amarya ta tsaya da baki buɗe, murya ta yi gaba ta bar ta. Mansura ta sayi sabuwar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, sai ga shi ta ƙi zama a gurbin tsohon madabod, babban allon nan da komai ke hawa kansa. Dole a sake allo.

Yayanta Ɗangana, mai tuƙa jirgin fasinja, ya gaji da wannan dogon lissafi.

"Ke dai ki saka shi ga talabijin mu kalli Baba sau guda, kowa ya huta," in ji shi. "Wanga wahala ta mi ce?"

"Sau guda, Yaya? To ɗiyanka hwa, mi za su gani?"

Ya yi tsaki, amma ya kai ta Yelwa a jirginsa.

Shagon Benjamin yana bayan kasuwa, kuma Benjamin mutum ne da zai iya sayar wa masunci ruwa. Ya fito da wani allo mai ƙyalli, da fitilu ja da shuɗi masu zagaye, ya ce shi samarin gari ke rububi. Mansura ta juya shi, ta duba gurbin furosesa, ya dace. Ta duba ƙasa, ta ajiye.

"Oga, ba ya da dogon ramin nan na da."

Ta ciro katinta na ɗaukar hoton kaset, tsoho, kore, gefensa ya dushe. Shi ke karɓar hoto daga na'urar bidiyo ya miƙa wa kwamfuta, kuma a tsohon rami kaɗai yake shiga.

Benjamin ya yi dariya har da buga kanta. "Malama, wa ke amfani da wannan yanzu? Ga ƙaramin abu na zamani, ki soka a baya kawai."

"Na gwada irinsa. Baki ya motsa yau, magana ta iso gobe. Ban so."

Ya yi lallashi, ya yi gatse, ya kira maƙwabcinsa ya taya shi. Mansura ta ja benci ta zauna, ta ce in babu ya faɗa mata ta nufi Kwantagora. Da ya ga da gaske take, ya hau kujera ya sauko da wani kwali mai ƙura. Allo ne baƙi, mummuna, ba fitila ko ɗaya, irin na ofisoshi. Amma gurbinsa ya dace da sabuwar furosesa, yana ɗaukar sabon ram, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, ga kuma dogon ramin can ƙasa. Ya ce shi kaɗai ya rage, kuma ba ya jin zai sake kawo irinsa. Ta rungume shi kamar jariri.

A hanyar komawa iska ta taso. Igiyar ruwa ta riƙa dukan jirgin tana watsowa ciki, duk da ledar da ta naɗa sai da kwalin ya jiƙe sharkaf. Da suka isa gida ta ajiye shi a ƙofar ɗaki, ta sake kaya, ta yi la'asar, ta tafi neman man janareta.

Inna, mahaifiyarsu, dai abu ɗaya ta sani tun tana yarinya: duk abin da ya fito daga tafki a jiƙe, in ana so ya daɗe, hayaƙi ake ba shi. Ta yage kwalin, ta zare allon daga ledarsa, ta ga ɗigon ruwa a jiki, ta tausaya wa 'yarta. Sai ta ɗora shi a gefen ragar banda, tsakanin tarwaɗa da karfasa, ta ma ƙara ɗanyen itace don hayaƙin ya kama sosai.

Da Mansura ta dawo ta gani, galan ɗin man ya suɓuce daga hannunta.

"Inna! Mi kinka yi?"

"Busar miki da shi ni yi, Auta. Na ma juya shi, kowane gehe ya samu."

Allon ya yi ɗumi, ya yi maiƙo, yana ƙamshin kifi. Ga haushi, ga tsoro, amma wa Mansura za ta yi wa faɗa? Tsohuwar tana tsaye tana jiran a gode mata.

Ta kira Benjamin a waya. Sai da ya gama dariya ya ce allon ya mutu, kada ma ta jona, zai ƙone mata sabuwar furosesa. Ya ce ta zo ta ɗauki mai fitilu. Ɗangana kuwa har ya ɗauko kaset ɗin daga saman kwaba.

"To, kin dai gani. Allah bai nuhwa ba. Kawo na'urar mu kalla."

Ta fizge kaset ɗin ta cusa a cikin zaninta.

"Wallahi ba mai taɓa shi. Ko shekara za ni yi ina gyara, sai dai ku jira."

Washegari ta shimfiɗa tabarma a inuwa, da kwalbar sifirit da sabon buroshin haƙori. Maƙwabta suna wucewa suna tambaya ko da yaji za a ci. Ba ta ɗaga kai ba. Ta bi allon lungu-lungu tana wankewa, baƙin maiƙo yana gangarowa. Sa'ar da aka yi, murfin robar da ke kan gurbin furosesa bai fita ba, siraran alluran da ke ciki ba su sha hayaƙi ba. Ta wanke, ta shanya, ta sake wankewa, har kwana ya yi kwanaki. Ɗangana ya daina yi mata magana.

Ranar haɗawa ta zo. Ta zaunar da furosesa, ta soka tsohon katin a raminsa, ta yi bisimilla ta danna. Fanka ta juya. Rubutu ya fito. Ta fara gwadawa da kaset ɗin wani biki, hoto da murya suka tafi tare ba gargada. Sannan ta aika a kira Inna da Ɗangana.

Zaren ya shiga yana ƙara. Hoto ya yi ruwa-ruwa, ya daidaita. Ga jirage, ga kiɗa, ga wani dogon mutum a gaban kwale-kwale yana sara ruwa da filafili, ya waiwayo yana yi wa na bayansa tsawa, yana dariya. Ɗangana ya zauna a ƙasa bai sani ba. Jirgin na isa gaci, na'urar ta yi ƙas, zaren ya tsinke.

Inna ta dafa ƙirji.

"Ya ƙare ke nan, Auta?"

Mansura ta ja hoton baya a kwamfuta. Mutumin ya sake waiwayowa, ya sake dariya.

Inna ta matso har goshinta ya kusa taɓa gilashin.

"Sake," ta ce.