Kukan da Ke Cikin Injin

Malam Yahuza ya lashi ɗan yatsansa ya taɓa ƙafar amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, lasifikar ta yi gurnani yadda ya kamata. Karo na uku ke nan da ake dawo masa da wannan injin pinball, irin wanda ake harba ƙwallon ƙarfe a ƙarƙashin gilashi yana karo da fitilu, kuma har yanzu bai ga laifinsa ba.

Mai injin, wata Baturiya da ke da gidan shan kofi a unguwar Woolwich ta Landan, ta dage cewa da an kunna shi sai ya kama wani siririn kuka mai korar mata masu ciniki. Jiya ta faɗa masa, cikin ladabin nan nasu mai yanka, in bai gyaru ba zuwa Juma'a za ta kai wa wani, har da sauran injinanta huɗu da yake kula da su.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Shekara ashirin da shida ya yi yana haɗa sauti a gidan rediyo a nan Landan kafin ya yi ritaya ya mai da garejinsa wurin gyara. Yana da mitar auna lantarki, amma a wurinsa mita ta malalata ce, shi da kunne yake aiki. Ya sauya manyan kafasitoci, kayan nan masu riƙe lantarki, na bod ɗin sauti, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya sake wa rabinsu dalma. Kiɗa na fita tas, muryar injin na fita tas.

Bayan azahar matarsa Hansai ta shigo da kular abinci. Ya kunna injin yana kallonta, ya ga ta ɗan runtse ido.

"Kin ji ko? Lafiyarsa ƙalau. Matar nan neman magana kawai take yi."

"Baban Na'ima, kashe shi ka ci abinci tukuna."

"Tambayarki na yi."

Hansai ta gyara zaman mayafinta. Shekara talatin da aure ba ta taɓa ce masa ya kasa wani abu ba, sai dai ta kewaya.

"Ni dai ina jin abu kamar sauro a kunne," ta ce. "Tun daga kicin nake jin sa, tun ranar da aka fara kawo shi. Na ɗauka kai ma kana ji."

Ya sunkuya ya kara kunne a jikin lasifikar, ya juya ɗaya kunnen. Babu komai. Kunya ta kama shi, da wani tsoro da ya daɗe yana dannewa.

Bara 'yarsu Na'ima ta nema masa ganin likita a asibiti, aka auna jinsa, aka ba shi ƙananan na'urorin ji guda biyu. Ya ce likitan yaro ne, bai san sauti ba, ya jefa su cikin gwangwanin notuna. Yanzu ya miƙa hannu ya sauko da gwangwanin. Hansai ta juya ta shiga buɗe kular abinci kamar ba ta gani ba.

Ya sa musu sabon batir, ya maƙala a kunne. Ga kukan nan kuwa, siriri, mai huda kai, ba ya ko numfasawa. Ya ɗauki tsinken katako ya riƙa danna kayan bod ɗin a hankali. Da ya kai kan wata 'yar kafasita da ke gefen amfilifaya, wadda ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, kukan ya ɗauke. Ya saki, ya dawo. Dalmarta ce ta tsage. Minti biyu aikin ya ci.

Ya zauna yana sauraren garejinsa. Ashe firij yana gunji, ashe ana jin wucewar jirgin ƙasa daga nan.

"Ya gyaru ke nan?" in ji Hansai. "To matso, miyar za ta huce."

Ya zabura ya dafe kunne. "Haba Hansai, ina kusa da ke, mene ne na ɗaga murya haka?"

Ta dube shi, ta miƙa masa cokali, sannan ta yi magana da wata murya mai laushi da ya manta tana da ita.

"Haka nake ɗaga maka murya shekara uku ke nan, Baban Na'ima."