Hular Suleiman da Waƙar Makiyayan Amurka

Duk faɗin nahiyar Asiya babu wanda ya kai Alhaji Babayo sanin asalin waƙoƙin kantiri, wato na makiyayan Amurka. Shi ya faɗi haka da bakinsa, kuma tunda ba a samu wanda ya musa ba a kasuwar Canaan, matattarar baƙin 'yan sari, maganar ta zauna. Bai taɓa taka Amurka ba. Amma lokacin da yake karatun aikin gona a Zariya wani malaminsu Bature ya bar masa kaset goma sha biyu, daga cikinsu ne ya gano cewa mawaƙan nan Fulani ne da Allah ya ajiye a wata ƙasa. Suna da shanu, suna da kewar gida, matansu kuma ba sa zama. Duk waƙar da aka kunna sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Kun san abin da ya sa ya yi wannan?" Ba a taɓa jin ya ba waƙa guda labari iri ɗaya sau biyu ba.

Suleiman, ɗan kasuwar Kwari mai sarin kayan yara, bai damu da waƙa ba. Damuwarsa kayan Sallah. A watan Agustan 2008, saboda wasannin Olamfik da ake yi a Beijing, babban birnin ƙasar da suka je sari, sabunta biza ya zama sai mai rabo, tasa kuma saura kwana shida. Jirgin ruwan da zai iya kai kaya Legas kafin Sallah zai tashi mako mai zuwa. Ita kuwa masana'antar unguwar Panyu da ya ba ɗinkin riguna dubu uku ko yanka yadin ba ta yi ba. Sau uku yana zuwa, mai masana'antar, Laoban Liang, yana ba shi shayi da murmushi da kalma ɗaya: "Meiyo." Wato babu. Babu lokaci, babu keken da ba ya aiki.

A zuwa na uku ne ya lura da wata malafar kaboyi rataye a bangon ofis, da rediyo yana ta gunjin wani mai kaurin murya da jita. Washegari ya je ya ɗauko Babayo.

"Alhaji, don Allah kar ka tsawaita," in ji shi a cikin jirgin ƙasa. "Ka ɗan yaba waƙar, ransa ya yi daɗi, sai in shigo da maganar kaya."

"Kai yaro ne," in ji Babayo, wanda ya girme shi da shekara huɗu. "Ana yaba waƙa ne kamar tuwo? Buɗe ta ake yi."

Sun tarar da Liang yana zuba shayi a kofuna ƙanana kamar murfin kwalba. Talabijin na nuna masu iyo ba sauti, rediyo na aikinsa. Babayo ya zauna, ya lumshe ido, ya saurara har amshi na biyu, sannan yatsan ya tashi. Cikin Turancin kasuwa, wanda su ukun suka iya daidai gwargwado, ya tambayi Liang ko ya san dalilin wannan waƙar.

Liang ya ce shekara tara yana jin ta, bai sani ba.

Babayo ya gyara zama. Ya ce makiyaya ne biyu a Texas, shekarar wani fari. Ɗaya yana da rijiya, ɗayan yana da shanu ɗari huɗu da ƙishirwa ta kusa kashewa. Mai rijiya yana da layin mutane a ƙofarsa, amma ya dubi baƙon nan da ya zo daga nesa, ya ce shanunsa su fara sha.

Suleiman ya sunkuyar da kai. Ko makaho ya ga inda aka dosa. Liang kuwa ya ajiye butar shayi, ya zuba tagumi.

Da Babayo ya tsaya nan, da an wanye lafiya. Amma ya ga idon mai sauraro ya kawo ruwa, kuma mai labari ba ya barin irin wannan kasuwar tana ci.

"Ba su rubuta takarda ba," in ji shi. "Kaboyi ba ya sa hannu. Mai rijiya ya cire hularsa, mai shanu ya cire tasa, suka musanya. Shi ke nan alkawari ya ɗauru har mutuwa. Wannan jitar da ka ji tana kuka a ƙarshe, daidai wurin ne."

Liang ya tashi a hankali. Ya ciro malafar daga bango, ya kaɗe ƙurarta, ya zo gaban Suleiman ya miƙa masa da hannu biyu, irin yadda mutanen ƙasar suke miƙa abu mai daraja. Ya ce gobe da safe za a ɗora rigunansa a kan keke, na wasu su jira. Sannan ya tsaya yana kallon kan Suleiman.

A kan Suleiman akwai hular zanna ɗinkin hannun Bama, wadda surukinsa ya ba shi ranar ɗaurin aurensa da Shatu. Wata biyar aka yi ana ɗinka ta. Malafar kuwa, daga inda yake zaune yana hango takardar da ke cikinta, kwali ce da aka lulluɓe da yadi a wata masana'anta da ke bayan layi.

"Alhaji," ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, yana murmushi don kar Liang ya gane, "a labarin nan naka, ba a taɓa wakilta wani ya ba da tasa ba?"

Ya waiga, sai ya ga kan Babayo tas, yana ƙyalli. Bakin hularsa na leƙowa daga aljihun jamfa.

"Ba ya halatta," in ji Babayo. "Mai shanu ne ke bayarwa."

Suleiman ya tuna riguna dubu uku, ya tuna kwana shida. Ya sa hannu biyu ya cire hular, ya miƙa. Liang ya ɗora ta a kansa a karkace, ya je gaban tagar gilashi yana duba kansa, ya kira ma'aikatan ofis su ɗauki hoto. Dole Suleiman ya sa malafar, ta sauko masa har gira.

A hanyar komawa jirgin ya cika. Babayo ya samu kujera, ya fito da hularsa ya busa ta ya mayar.

"Ka ga amfanin ilimi," ya ce. "Ni fa sai da na fara magana na tuna waƙar ba ta rijiya ba ce, ta wani direba ce da matarsa ta gudu da babbar motarsa. Amma wannan ba zai ɗinka maka riga ba."

Suleiman bai samu kujera ba. Yana tsaye, hannu ɗaya a ƙarfen jirgi, ɗayan riƙe da malafa, yana shirya abin da zai gaya wa Shatu.