Ƙofar Katanga a Lokos

Lokacin da Abibatu ta tare a Lokos, mutanen Yendi ba su ɗauki wurin a cikin gari ba. Gwamnati ce ta sare itatuwan kaɗanya a bakin hanya, ta jera gidaje iri ɗaya, ciki biyu da falo, rufin kwano, fentin ruwan ɗorawa. Ma'aikata aka gina wa, amma da yawansu suka ƙi zuwa, wai daji ne. Haka Sumani, mijinta, mai jan lorin albasa daga Bawku, ya samu na ƙarshen layi.

Ita 'yar Salaga ce, ta saba da gida cike da mutane. A nan kuwa in Sumani ya yi tafiya, sai kukan zabi.

Maƙwabciyarta Adisa ce ta fara leƙo ta ta kan katanga. Badagomba ce, matar wani malamin makaranta, Hausarta ba ta raba mace da namiji.

"Amarya, kai ba ka fita ne? Zo mu je ɗebo ruwa."

Tun daga ranar tare suke zuwa dam da garewani a ka, tare suke tsintar 'ya'yan kaɗanya a sauran dajin da ke bayan layi. Ran da naƙuda ta kama Abibatu, Sumani yana hanya, Adisa ta haura katanga ta karɓi haihuwar Faridatu. Da ya dawo ya ji labari, sai ya ɗauko guduma ya fasa katangar daidai faɗin mutum.

Ta wannan ƙofa gishiri ya bi, garwashi ya bi, yara suka bi har suka girma. A hankali aka kawo wuta, aka ja famfo. Wani ya ƙara ɗaki, wani ya buɗe shago, wani ya ɗora bene. Gari ya taho ya haɗiye Lokos. Da malamin ya yi ritaya, ya kwashe iyalinsa zuwa Bawku wajen babban ɗansu. Sumani ya rasu. Masu haya suka yi ta shiga gidan Adisa suna fita, ba wanda ya damu da ƙofar.

Bara aka sayar da gidan Adisa. Sabon mai shi ya zo da kansa, ya durƙusa ya gai da Abibatu.

"Mma, zan sa kaya a tsakar gida. Ina neman izini in toshe wurin nan."

"Gidanka ne," in ji ta.

Tana zaune a kan tabarma magini ya jera bulo ya shafe. Aiki ne mai kyau. Ranar ba ta iya cin tuwo ba.

Faridatu, wadda yanzu take ɗinki a shagon ƙofar gida, ta lura.

"Mma, ba katangar ce ke damunki ba. Mma Adisa fa tana da rai. Bawku ba Makka ba ce."

Suka shiga mota, gwiwoyin tsohuwa suna ƙara a kowane rami. Sun iske Adisa a inuwar darbejiya, ta rame, idanunta sun yi fari. Abibatu ta yi sallama.

Adisa ta karkata kai. "Amarya, kai ne?"

Ta laluba ta kama hannunta, ta ƙi saki.

Abibatu ta gaya mata an toshe ƙofar. Adisa ta tambayi wa ke zaune a gida na farko a layinsu. Suka bi layin gida gida, wa ya mutu, wa ya koma Salaga, 'yar wa ta zama nas. A kan wanda ya fara sayen talabijin suka yi gardama har Faridatu ta gaji ta shiga ciki.

Kwana biyu suka ce za su yi. Faridatu ta koma Yendi ita kaɗai saboda ɗinkin mutane. Abibatu kuwa sai da aka sha ruwan azumi aka yi salla, sannan Adisa ta yarda aka kai ta tasha.