Salansar Auta

Shekara arba'in maigidana ya yi yana gyaran mota kafin idanunsa su yi rauni. Aiki ɗaya ya rage masa a duniya. Kullum da safe autanmu zai tayar da motarsa a ƙofar gida, uban ya dafa bonet, ya karkata kai yana sauraron injin. "Fulogi ɗaya na wasa," zai ce, ko kuwa, "Je ka, lafiyarta ƙalau." Shi ke nan, sai ya wuni da walwala.

To, ran nan sai ga Auta ya dawo da motar tana ruri har gilasan taga na karkarwa. Wai sabuwar salansa ya sa, mai baki biyu, sai ƙyalli take.

Washegari tsohon ya dafa bonet kamar kullum. Ya daɗe a tsaye. Ya zagaya ya sake dafawa. Can ya ce, "Ni ba na jin komai sai hauka." Ya lalubi bango ya shige ɗaki. Kwana uku bai leƙo waje ba.

Ran na huɗu na tarar da Auta a tsugune yana goge bakin abin da tsumma.

"Kai, ina tsohuwar salansar?"

"Inna, ai ta kwana biyu. Wannan ake yayi, ƙarfi take ƙara wa mota."

"Ƙarfin me? Motar da ke nishi in ta hango tudu? Ka ba akuya muryar zaki, ka ce min ƙarfi. Ubanka ido ya rasa, kai kuma ka bi ka toshe masa kunne. Tayar da ita, kai ni wurin wanda ya yi wannan aika-aikar."

Da muka isa, mai waldar yana ganin fuskata ya ajiye abin hannunsa. Na tambaye shi tsohuwar salansar. Ya kai ni bayan rumfa, ya nuna min tarin ƙarafa.

"Mama, ga ta nan, amma gida uku na yanka ta. Notunan sun yi tsatsa, sun ƙi kwantuwa."

"Hannun da ya yanka shi zai haɗa."

"Ba za ta yi kyau ba fa."

"Ba kallonta za a yi ba, ɗan nan. Saurarenta za a yi."

Na ja wata tsohuwar taya na zauna. Auta ya buɗe baki, na ce ya rufe shi, ƙarar da ya sayo ta ishe ni. Sai bayan la'asar aka gama liƙe ta, aka rataye ta a mazauninta. Auta ya rungumo mai ƙyallin kamar jariri, ya sa a but ɗin motar, muka koma gida.

Da safe da ƙyar na jawo tsohon waje. Auta ya murza makulli. Uban ya dafa bonet, ya karkata kai, sai na ga ya haɗe gira.

"Wane sakarai ne ya yi wannan waldar? Iska na fita a mahaɗi na biyu. Kuma bel ɗin injin ya saki, kai kana ta ruri a titi ba ka sani ba. Ɗauko min tabarma da sifana."

"Baba, zan makara wurin aiki."

"Ka makara. Miƙo hannunka in ɗora maka a kan notin, tunda idon naka na ado ne."

Na bar su nan yana ta zazzaga masa faɗa, na koma ciki na ɗora ruwan zafi.