Lakar Bayan Ɗakin Inna

Mai Saƙa ba ta taɓa jin haushin magudanar ruwan da ta ratsa ta bayan gidansu ba sai da mijinta ya zama shugaban masu yashe ta. Kafin nan ruwa ne kawai yake wucewa abinsa, da damina ya cika ya yi ja, da rani ya koma siriri yana wari. Ranar da aka taru a ƙofar makarantar unguwa aka ce ana neman wanda zai jagoranci aikin sa-kai, kowa ya sunkuyar da kai yana duba farcensa, sai mai gyaran fanka, mijinta, ya ɗaga hannu. Tun daga ranar sunansa ya ɓace, kowa sai Ciyaman. Shi kuwa in an kira shi haka har wani gyaran murya yake yi.

Ita damuwarta ɗaya ce, ɗakin da ta gina a ƙuryar gidan. Da abin da injin saƙarta ya haifa ta gina shi, yau bulo gobe yashi, rigar sanyin jarirai ce ta yi rufi, hula da safa suka yi ƙofa. Na Inna ne, mahaifiyarta. Inna tana zaune wurin Yaya, wan Mai Saƙa, a can saman bene hawa na uku, kuma tunda gwiwoyinta suka ƙi, rabonta da taka ƙasa an fi shekara. Yaya da matarsa ba su rage ta da komai ba, amma dukansu ma'aikata ne, su fita da sassafe su ja mata ƙofa, ta wuni ita da rediyo. An yi magana an gama: da fenti ya bushe, za a sauko da ita ta dawo wurin 'yarta, inda za ta zauna a tsakar gida ta sha rana, jikoki su dame ta da surutu.

Bangon bayan ɗakin shi ne ya ba magudanar baya, tsakaninsu 'yar gaɓa ce da ba ta fi faɗin tabarma biyu ba.

Aikin yasa yana da tsarinsa. Duk Asabar maza su sa takalman roba su shiga ruwa da manjagara da shebur, su kwaso laka da leda da robobi da kainuwa, har mushen kaza da tsohuwar katifa. Ba a ɗaukar laka da ruwanta, sai an jibge ta a gaɓa ta tsane, sannan tifar hukumar tsabta ta zo ta kwashe. Dokar da Ciyaman ya kafa da bakinsa ita ce, abin da aka ciro daga bayan gidanka a bayan gidanka zai tsane.

Doka ta yi Asabar ɗaya da rai. Ta biyu Mai Kemis ya ja shi gefe yana murmushi.

"Ciyaman, ka san sana'ata. Marar lafiya ya zo sayen magani ya tarar da wannan wari, ai sai ya ce daga nan cutar take."

"Gaskiya ne," in ji Ciyaman. "A kai bayan nawa, ai kwana kaɗan ne."

Mai gidan burodi ya ji, shi ma ya tuna da ƙuda. Makaniki ya ce wurin juya mota yake. Kafin azahar baro yana ta kaiwa da komowa, duk lakar layin ta taru a bayan ɗakin Inna. Tifa ta zo sau ɗaya ta ɗebi rabi, direban ya ce zai dawo, kuma har yau yana kan hanya.

Da dare ya fara yi Mai Saƙa ta kawo wa mijinta abinci, ta zauna nesa da shi don har yanzu warin magudana bai bar jikinsa ba.

"Ranka ya daɗe Ciyaman, yaushe za a kwashe mana kyautar da aka kawo?"

"Maman yara, kin fara ke nan. Na je ofishin, sun ce tifar tana gareji."

"To kowa ya zo ya ɗauki tasa mana. Ai kai ka yi dokar."

"Shugaba ba ya haka. In na ce a mayar, gobe wa zai fito aiki? Mutanen nan lallaɓa su ake yi."

"Ni ce dai ba a lallaɓawa."

Ya yi dariya ya ce ita ai ta gida ce. Wannan kalma ta fi komai ƙona mata rai, don ta san ma'anarta a bakinsa. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida, ba ya iya kallon idon baƙo ya ce a'a. Inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Fankar maƙwabta yakan gyara a ranar da aka kawo, tasu ta falo kuwa da tsinken tsintsiya ake tayar da ita.

Asabar na zuwa tudun na ƙaruwa, har ya kusa kai taga. Sai labari ya zo cewa wata ƙungiya za ta turo baƙi su ga aikin, wataƙila su ba da sababbin baro da riguna. Nan fa hankalin masu aikin ya tashi, ba za a nuna wa baƙi magudana fes ga juji a gefenta ba. Mai Kemis ne ya kawo dabara. Suka tura lakar ta jingina da bango sosai don gaɓa ta buɗe, suka daddaɓe ta da bayan shebur ta yi sumul, suka rufe da babban tampol, suka danne gefensa da duwatsu. A saman suka rataya ƙyallen da aka rubuta sunan ƙungiyarsu. Baƙi suka zo, aka jeru a gaban tudun aka ɗauki hoto, Ciyaman a tsakiya riƙe da manjagara. Baƙi suka tafi, ba wanda ya tuna ya yaye tampol ɗin, don a rufe abin ya fi kyan gani kuma warin ya ragu.

Lakar da aka tara don ta tsane aka hana ta rana da iska. Ruwanta bai da inda za shi sai cikin bango da ƙarƙashinsa.

Mai Saƙa ce ta fara gani daga ciki. Sabon fentin ya kumbura daga ƙasa, ta taɓa da yatsa ya fashe. Tabarmar da ta shimfiɗa ta yi sanyi. Bayan kwana biyu ta ga tsaga siririya ta taso daga kusurwa ta nufi taga. Ta kamo hannun mijinta ta kai shi ta ɗora a wurin.

"Danshin damina ne," ya ce. "Duk sabon gini yana yi."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baban yara, Inna za ta kwana a nan."

"Ki ba ni zuwa Asabar, zan yi musu magana."

Asabar ta zo, ta leƙa ta taga tana sauraro. Ta ji ya fara da godiya, ya yabi Mai Kemis, ya yabi matasa, ya yi tari, sannan ya ce tifa dai tana nan tafe. Aka watse.

Washegari da hantsi ta ɗaure ɗankwalinta tamau, ta zura takalman robarsa da suka yi mata yawa, ta ɗauki shebur ta zagaya baya. Ta yaye tampol, wani zafi da wari suka bugo ta har sai da ta ja da baya. Lakar tana nan jagab kamar yau aka ciro ta. Ta soka shebur ta ɗebo ta watsa cikin magudana. Ta sake. Ba ta san tana da wannan ƙarfin ba, kowane shebur da sunan wanda take jefawa a ranta, wannan na Mai Kemis, wannan na mai burodi.

Ba a daɗe ba gadar da ke kan magudanar ta cika da 'yan kallo. Makaniki ya tsaya hannu a ƙugu.

"Ikon Allah. Mu muna cirewa, matar Ciyaman tana mayarwa."

Wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Wata mata da Mai Saƙa ta sha gani tana juye kwandon shara a ruwan nan da asuba, ita ce ta fi kowa girgiza kai.

Aka kira Ciyaman daga shago, ya iso da sukudireba a hannu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya matso kusa ya yi ƙasa da murya, idonsa ya kawo ruwa.

"Ki rufa mini asiri. Don Allah, Maman yara. In kika yi wannan, na gama a unguwar nan. Da wane baki zan hana wani zuba shara?"

Ta dube shi, ga furfura ta fara fito masa, ga hannunsa duk tsagar ruwan magudana. Tausayinsa ya kama ta, kuma ta ji haushin kanta da ya kama ta. Ta jingine shebur ta shige gida. Da yamma matasa suka shiga ruwa suka kwaso abin da ta zuba, suka mayar da shi inda yake, suka ja tampol suka rufe. Har suna yi mata sallama ta taga, wai sannu da gida.

Ta kira Yaya ta ce a ɗan jinkirta. Ya ce ba zai yiwu ba, ya riga ya ɗauki hutun Asabar mai zuwa, ya nemi maza biyu da za su sauko da Inna a kan kujera, ita kuma Inna ta hana kowa sakat da zancen. Mai Saƙa ta ce to. Ta sayo siminti kaɗan ta liƙe tsagar da hannunta, ta ja gadon da ta tanadar wa Inna zuwa ɗaya bangon, ta yi ta addu'a.

Ranar Juma'a da la'asar, ko hadari babu, tana kan injin saƙa a falo ta ji wani nishi daga ƙuryar gida, sannan ƙara. Ta fita da zare a hannu. Bangon ya zame daga tushe, ya tafi da taga da rabin rufi, shi da tudun laka duk sun gangara cikin magudana sun toshe ta. Daga tsakar gida tana hango gidajen tsallake. Gadon yana nan, da sabon zanen da ta shimfiɗa, laka ta fantsama a kan matashin.

Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallo har zaren ya yanke mata yatsa.

Ranar Asabar ba a taɓa ganin fitowa irin ta ranar ba. Ruwa ya fara taruwa a bayan toshewar yana lasar dakalin Mai Kemis, don haka har shi ya naɗe wando ya shiga. Kowa ya wuce ta gabanta sai ya ce Allah ya kiyaye gaba, Allah ya sa iyakar wahalar ke nan, an gode Allah da ba kowa a ciki. Mai burodi ya ce ginin zamani ne ba ƙwari, magina ba sa jin tsoron Allah. Suka yi aiki kamar ba gobe, kafin rana ta take ruwa ya samu hanya.

Sai baro na farko ya tsaya, cike da laka da gutsattsarin bulonta masu launin fentin da ta zaɓa. Gaɓar ta zaizaye, babu wurin jibgewa. Mai turawa ya share gumi.

"Ciyaman, ina za mu zuba?"

Ciyaman ya dubi bayan kemis, Mai Kemis ya kau da kai. Ya dubi bayan gidan burodi. Sannan ya dubi ɗakin da ya rage bango uku, da daɓensa na siminti a buɗe. Bai yarda ya haɗa ido da matarsa ba.

"Ku fitar da gadon tukuna," ya ce a hankali. "Kwana kaɗan ne, kafin tifa ta zo."

Ta ji ƙarar juyewar baron tana yafa mayafi. Ta fita ta hau mota.

Ta riga ta gaya wa Yaya a waya tun jiya, ya ce shi ba zai iya faɗa wa Inna ba, ta zo da kanta. Ta hau benen tana hutawa a kowane hawa, ba don gajiya ba. Matar Yaya ta buɗe mata ƙofa ta koma kicin da sauri.

Inna tana zaune a kan kujera dab da ƙofa, ta yi wanka ta sa kwalli, kayanta a ɗaure a gefe, rediyo a saman ƙullin. A ƙafarta akwai takalmi, wanda ba a san inda ya shige ba duk tsawon wannan lokaci, an goge shi yana sheƙi. Ƙafar ta kumbura ta cika shi har ta tumbatso.

"Auta, kin iso? Ina masu ɗaukar tawa? Tun safe na shirya, yayanki sai kewaye-kewaye yake yi."

Mai Saƙa ta durƙusa ta gaishe ta. Ta tsura wa takalmin ido. Inna ta daɗe tana duban fuskarta, ta dubi lakar da ta bushe a gefen zanenta, ba ta sake tambaya ba. Mai Saƙa ta kai hannu ta kama takalmin dama ta fara cirewa.

"Ja a hankali," in ji Inna. "Da ƙyar ya shiga."